Yadda ake aske bishiyar ɓaure da kula da ita a lambun gida

Ɓauren da nake nufi a nan shi ne na lambu, wanda Larabawa ke kira tin, masana tsirrai kuma suka sa masa suna Ficus carica. Asalinsa yammacin Asiya ne da ƙasashen bakin Bahar Rum, amma yau kusan duk inda rana take da ƙarfi ana shuka shi. Na daɗe ina renon wannan bishiya, a ƙasa da cikin tukwane, kuma kukan da na fi ji daga sababbin masu lambu guda ne: bishiya ta yi ganye shar, ta wuce katanga tsawo, amma ba 'ya'ya, ko kuwa 'ya'yan suna can ƙololuwa, tsuntsaye kaɗai ke morarsu. Galibi matsalar aski ce. Ko dai ba a taɓa yi mata ba, ko an yi shi a lokacin da bai dace ba, a reshen da bai dace ba.

Kayan aiki

Almakashin lambu mai kaifi, irin wanda bakinsa biyu ke gogar juna, domin rassan da ba su fi yatsa kauri ba. Ƙaramin zarto domin masu kauri. Safar hannu ta roba, riga mai dogon hannu da tabarau. Sifirit da tsumma don goge bakin ƙarfe. Igiya mai laushi da 'yan turaku, farar ƙasa da buroshi, ruɓaɓɓen taki da busasshiyar ciyawa.

In ba ka da almakashin lambu, wuƙa mai kaifi sosai ta isa ga ƙananan rassa. In ba sifirit, ka wanke ƙarfen da ruwan zafi da sabulu ka shanya. Adda kam ka ajiye ta gefe: tana tsaga reshe, ta daddatsa ɓawo, ruwa ya kwanta a tsagar, ruɓa ta shiga.

Safar hannu da doguwar riga dole ne. Duk inda ka yanki ɓaure, farin ruwa mai kama da nono zai tsattsafo. In ya taɓa fata, rana kuma ta bugi wurin, yana ƙona ta har ta yi bororo. Ya taɓa same ni a damtse ranar da na yi aikin da rigar shan iska, tabon bai ɓace ba sai bayan watanni. Idan ya taɓa ka, ka wanke da ruwa da sabulu nan take, ka rufe wurin daga rana kwana biyu. In ya faɗa ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta, a je asibiti.

Abin da za ka sani kafin ka yanke ko reshe ɗaya

Ɓaure yana iya haihuwa sau biyu a shekara, kuma kowace haihuwa da irin reshenta. 'Ya'yan fari suna fitowa ne a kan reshen bara, kusa da ƙarshensa. Tun bara suka ƙullu, 'yan mitsi-mitsi da ba su kai ƙwayar wake ba, suka kwanta suna jiran ɗumi ya dawo. Babbar haihuwa kuwa a kan sabon reshen bana take, kowane ɗa a hammatar ganye. Duk askin ɓaure a kan wannan ya dogara. Wanda ya datse kawunan rassan bara kakaf ya zubar da 'ya'yan fari da hannunsa. Wanda kuma ya ƙi datsewa sam, sabon reshe zai yi ta nisa da gindi kowace shekara, har 'ya'ya su fi ƙarfin hannu.

Saboda haka ka san irin da kake da shi. Brown Turkey da Black Mission suna ba da haihuwa biyu. Celeste kusan duk amfaninta a babbar haihuwa yake, don haka tana jure datsa mai yawa. Desert King kuwa 'ya'yan fari ne abin dogaronta, in ka aske ta ƙwal ka yi asarar shekara. Akwai kuma dangin Simirna, waɗanda ba sa riƙe 'ya'ya sai wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin rina ya shiga cikinsu da garin fure. Inda babu wannan ƙwaro, 'ya'yan za su yi ta zubewa ɗanye, kuma babu askin da zai gyara hakan. Idan ba ka san sunan taka ba, ka bar ta shekara guda kana kallo: a wane reshe ta haihu, a wane wata? Ka ɗaura ɗan zare a rassan da suka haihu don kada ka manta.

1. Zaɓi lokaci

Babban aski ana yin sa ne sa'ad da bishiya take hutu: ta zubar da ganye, ba ta fara toho ba. A lokacin ne farin ruwan yake raguwa, kana kuma ganin ƙirar rassan sarai. A ƙasashen da ake tsananin hunturu, a jira ƙarshen sanyi, bayan haɗarin ƙanƙara ya wuce, domin sabon yanka ba ya jure daskarewa. A ƙasashe masu zafi inda bishiyar ba ta yin cikakken hutu, ka jira ta gama haihuwa, yanayi ya bushe, ganye ya fara rawaya yana zuba. Kada ka yi babban yanka ana tsakiyar ruwan sama, kada kuma ka yi shi bishiya tana ganiyar toho. Da sassafe ko da yamma ya fi, saboda fatarka.

2. Tsaya ka duba, sannan ka share

Ka zagaya bishiyar sau biyu hannunka babu komai. Daga nan ka fara da abin da ba ya bukatar shawara: busassun rassa, karyayyu, masu ciwo, da waɗanda suka gitta suna gogar juna. In kana shakkar ko reshe ya mutu, ka ɗan kankare ɓawonsa da farce. Kore a ciki, yana da rai. Ruwan ƙasa a bushe, ya tafi. Ka bi shi ƙasa-ƙasa har ka iske kore, ka yanke a nan.

Sai 'yan tsiron da ke fitowa daga gindi da saiwa. Ɓaure ba ya gajiya da fitar da su. Ka tone ƙasa kaɗan ka cire su daga tushe, domin in ka yanke su a saman ƙasa, kowane ɗaya zai dawo da uku.

3. Ƙirar ƙaramar bishiya

A nan ne ya kamata ka ɓata lokaci, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ƙirar da ka ba ta a shekara uku na farko ita za ta bi har tsufa. Abin da ake so shi ne gajeren gindi, da manyan rassa 3 zuwa 5 da suka buɗe waje kamar yatsun hannun da aka ɗaga ana roƙo, tsakiya a buɗe rana da iska suna ratsawa.

Shekarar farko: idan dashen sanda ɗaya ne miƙaƙƙe, ka datse shi a tsawon santimita 50 zuwa 60 daga ƙasa. Na san da wuya. Mutum ya sayo dashe mai tsawo, a ce ya yanke rabinsa, sai ya ji kamar an ce ya yar da kuɗinsa. Amma in ba ka yi ba, sanda za ta yi ta tafiya sama, rassa su fito inda ba ka kaiwa. Bayan datsar, idanun da ke ƙasa da yankan, wato ƙananan kumburin da ke kan gaɓoɓin reshe, za su farka su yi toho.

Shekara ta biyu: cikin rassan da suka fito, ka zaɓi 3 zuwa 5 masu ƙarfi, kowanne yana kallon nasa ɓangaren, kuma ba daga wuri ɗaya suka fito ba. A bar tazarar kamu ɗaya ko kusa da haka tsakaninsu a jikin gindi. Ka fi son reshen da ya fita a kwance-kwance a kan wanda ya manne da gindi ya miƙe, domin mai matsattsiyar hammata shi ne ke tsagewa ranar da ya ɗauki kaya iska ta kaɗa. Sauran duka a cire. Waɗanda ka zaɓa ka rage musu kashi ɗaya cikin uku na tsawonsu. In wani ya ƙi kwantawa, ka ɗaura masa igiya mai laushi ka ja shi zuwa turke a hankali, ka riƙa sassauta ɗaurin kada ya ci ɓawo.

Shekara ta uku: a kan kowane babban reshe ka bar ƙanana biyu ko uku masu kallon waje, ka cire masu komawa ciki.

Akwai wata hanyar: a bar gindi 3 ko 4 su taso daga ƙasa, bishiyar ta zama kamar kurmi ƙarami. Inda sanyi ke kashe rassa ana son wannan, domin in ɗaya ya mutu saura na nan. A ƙaramin fili kuma ana iya shimfiɗa rassan a jikin bango mai samun rana, a ɗaure su a wayoyi kamar mafici.

4. Askin kowace shekara

Bishiyar da ta samu ƙira ba ta bukatar wahala. Bayan sharar mataki na 2, ka cire rassan da suka tsaya cak a tsakiya suna tare rana, da dogayen bulalai masu gaɓoɓi nesa-nesa, waɗanda ganye kawai suka iya. Ka tsayar da tsawon bishiyar a inda hannunka ke kaiwa, mita 2 zuwa 2 da rabi, ta hanyar mayar da dogon reshe zuwa wani ƙarami da ke kallon waje.

Sannan ka tuna irin da kake da shi. In babbar haihuwa kake nema, ka datse rassan bara ka bar wa kowanne ido 2 ko 3, daga nan sababbin rassa masu haihuwa za su fito. In 'ya'yan fari kake so, ka datse rabin rassan bara kawai, ka bar rabin da kawunansu. Waɗanda ka bari su haihu bana, waɗanda ka datse su fitar da na baɗi, shekara mai zuwa ka juya. Ni haka nake yi wa duk bishiyar da ke haihuwa biyu, kuma ban taɓa rasa 'ya'ya a kowane zango ba.

Kada abin da ka cire a shekara ɗaya ya wuce kashi ɗaya cikin uku na bishiyar. In ka wuce haka, za ta mayar da martani da bulalai masu yawa, 'ya'yan su yi latti.

5. Yadda ake yankan

Reshen ɓaure yana da ɓargo mai taushi a tsakiya, shi ya sa guntun da aka bari babu ido a kansa yake bushewa ya yi rami. Ka yanke kamar rabin santimita a saman ido, idon kuma ya zama mai kallon waje, domin inda ido ya kalla can sabon reshe zai nufa. Yankan ya ɗan karkace, gangarensa ya bar idon, ruwa ya zame.

Reshe mai kauri ba a sare shi da yanka ɗaya, nauyinsa zai ja ɓawo ya ɗaye har jikin gindi. Ka fara shiga da zarto ta ƙasa, kamar santimita 25 daga gindi, har kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa. Ka koma sama, gaba kaɗan da wancan, ka yanke har ya faɗi. Guntun da ya rage sai ka cire shi daf da kumburin nan mai kama da wuya da ke inda reshe ya haɗu da gindi, ba tare da ka taɓa kumburin ba, domin daga nan ne ciwon ke rufewa. Ba sai ka shafa komai a kan yankan ba. Ka goge bakin ƙarfe da sifirit kafin ka koma wata bishiya.

Idan askin ya tone rassan da suka saba zama a inuwa, rana za ta ƙona ɓawonsu ya tsattsage, ƙwari masu huda itace su samu ƙofa. Ka dama farar ƙasa ruwa-ruwa ka shafe gindi da bayan manyan rassa. In babu, farin fentin ruwa da aka haɗa da ruwa rabi da rabi ya yi. Ban da fentin mai.

6. Tsinke kan toho

Wannan ƙaramin aiki ne da mutane ke rainawa. Da sabon reshe ya yi ganye 5 ko 6, ka tsinke ɗan kansa mai laushi, da safar hannu. Reshen zai daina tsere, ƙarfinsa ya koma kan 'ya'yan da ke hammatar ganye. Daga ƙulluwar ɗa zuwa nunarsa ana ɗaukar kusan wata uku, don haka inda lokacin zafi yake gajere, wannan tsinkar ita ce ke sa a ci ɓaure kafin sanyi ya shigo. Ganyen da ya lulluɓe 'ya'ya kana iya rage ɗaya-ɗaya, amma kada ka tsiraita reshe, ganyen ne ke dafa zaƙin.

7. Tsohuwar bishiyar da aka yi watsi da ita

Ɓaure yana toho ko daga tsohon itace, don haka da wuya a ce ta wuce gyara. Sai dai a raba aikin shekara uku. Kowace shekara ka sauke kashi ɗaya cikin uku na manyan rassan, kana barin guntu kamar santimita 5 zuwa 8 inda kake son sabon reshe ya fito. Cikin tohon da zai ɓarke, ka zaɓi ɗaya ko biyu, ka murje sauran tun suna ƙanana. Kada ka manta da farar ƙasa.

8. Rana, ruwa da taki

Bishiyar tana son rana ta awa 6 zuwa 8 a yini. A inuwa, duk iya askinka, ganye za ka girba.

Ruwa kuwa daidaito ake nema. Sabon dashe a ba shi ruwa mai yawa sau biyu a mako lokacin zafi. Babbar bishiya tana jure fari, amma in ƙishi ya kama ta tana ɗauke da 'ya'ya, zubar da su za ta yi. In kuma ta bushe ƙamas sannan aka malala mata ruwa, 'ya'yan da suka kusa nuna za su fashe. Ka tura yatsa cikin ƙasa: in ka ji bushewa har gaɓa ta biyu, lokacin ban ruwa ya yi. Saiwar ɓaure tana yawo kusa da saman ƙasa, don haka kada ka yi noma mai zurfi a gindinta. Ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kaurin santimita 5 zuwa 8, ka bar ɗan fili tsakaninta da gindi saboda ruɓa da gara.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cika taki, musamman takin zamani mai sa ganye. Ma'aunina shi ne: in rassa sun ƙara tsawon santimita 30 ko fiye a shekara, bishiyar ta ƙoshi, ruɓaɓɓen taki sau ɗaya a farkon toho ya ishe ta. Tokar itace kaɗan tana taimaka wa 'ya'ya. Ɗanyen kashin dabbobi yana ƙona saiwa, a bar shi ya ruɓe tukuna.

9. Saiwa da tukunya

Saiwar ɓaure tana bin danshi duk inda yake. Ni ba na dasa shi ƙasa da mita 5 daga harsashin gini ko bututun ruwa. In fili ya yi ƙaranci, ka haƙa rami mai faɗi da zurfin santimita 60, ka jera falalen siminti a gefunansa huɗu, ka zuba fasassun duwatsu a ƙasa, sannan ka dasa. Saiwar da aka takure tana rage haukan girma, bishiyar ta mai da hankali ga haihuwa.

Tukunya ma tana yi, mai faɗin santimita 40 zuwa 50, da huji a ƙasa. Amma ta tukunya ba ta da inda za ta nemi abinci, don haka a lokacin zafi kullum sai an ba ta ruwa, taki kuma kaɗan-kaɗan a kai a kai. Duk shekara 2 ko 3, lokacin hutu, ka zare ta, ka yanke kusan kashi ɗaya cikin huɗu na saiwar da ta nannaɗe, ka sake mata ƙasa.

10. Ciwo da ƙwari

In ka ga ɗige-ɗige masu launin tsatsa a bayan ganye, ganyen yana zuba da wuri, tsatsar ɓaure ce, kuma danshi ke kawo ta. Ka tattara ganyen da ya zuba ka ƙona, ka daina jiƙa ganye wajen ban ruwa, ka ƙara buɗe tsakiyar bishiyar. Ganye mai dabbare-dabbaren kore da rawaya kuwa cutar bairos ce da ba ta da magani, amma bishiyar da ke samun kulawa tana haihuwa da ita. Kawai kada ka ɗebi irin dashe daga jikinta.

Bishiyar da ta tsumbure, take yaushi ko an ba ta ruwa, ka tone ka duba saiwarta. In ka ga ƙulle-ƙulle kamar carbi, tsutsar saiwa ce wadda ido ba ya gani, ta fi yawa a ƙasa mai yashi. Ruɓaɓɓen ganye da ciyawa mai yawa yana rage ɓarnarta, in ta yi tsanani a koma tukunya da sabuwar ƙasa. Garin itace a bakin wani ɗan rami a jikin reshe alamar tsutsa mai huda ce: ka zura waya ka kashe ta, ko ka yanke reshen. Tururuwa masu hawa da sauka suna nuna akwai farin ƙwaro mai kama da auduga a wani lungu, ruwan sabulu yana wanke shi. Tsuntsaye da jemagu kuwa raga ce maganinsu, ko 'yan jakunkunan yadi mai shara-shara a ɗaura wa kowane ɗa. A nan za ka gode wa gajeriyar bishiya.

11. Tsinka

Ɓaure ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi, don haka kada ka yi gaggawa. Nunanne wuyansa yana saki, ya sunkuya ƙasa, jikinsa ya yi laushi, wani lokaci fatar ta ɗan tsage ko ɗigon zuma ya fito a idonsa na ƙasa. In ka tsinka ka ga farin ruwa a wuyan, bai gama nuna ba ke nan, ka bar sauran su ƙara kwana biyu. Ka riƙa zagayawa kowace safiya, ka kwashe waɗanda suka faɗi ko suka yi tsami, domin su ne ke kiran ƙwari. Nunanne ba ya wuce kwana biyu ko uku ko a firji, abin da ya yi yawa a tsaga a shanya.

Rassan da ka datse lokacin hutu kada ka zubar duka. Ka zaɓi lafiyayyun rassan bara masu kaurin fensir ko yatsa, ka yanka su santimita 20 zuwa 25, kowanne da ido 3 ko 4. Ka yi wa ƙasan yanka miƙaƙƙe, saman kuma karkatacce, don kada ka dasa shi a kife. Ka soka kashi biyu cikin uku a ƙasa mai yashi-yashi, ka ajiye a inuwa mai haske, ƙasar da danshi amma ba caɓi ba. Sau da yawa ganye yana riga saiwa fitowa, don haka kada ka ja shi don dubawa. Ka ba shi mako 6 zuwa 8, sai ka ga fararen saiwoyi sun leƙo ta hujin tukunya kafin ka fara fitar da shi rana kaɗan-kaɗan.